Kujerar Baban Lungu

Ranar nan ni ne da ɗauko Malam. Muna sallame sallar magariba na zura takalmi, na bi ta bayan tasha zuwa gidansa. Na same shi a bakin ƙofa ya riga ya shirya, sandarsa a gicciye bisa cinya.

"Rediyo ne?" in ji shi, tun ban yi sallama ba.

"Allah ya gafarta Malam, yaya aka yi ka gane?"

"Takalminka na hagu yana jan ƙasa. Kuma kana warin hayaƙin mota."

Malam makaho ne. Idonsa ya tafi tun yana saurayi, amma kunnensa, ko ƙuda ya sauka a tabarma sai ya gaya maka ta wane gefe. Aikinsa gyara wa manya karatun sallah. Ba yara ba, mu masu furfura a haɓa, waɗanda muka shekara da shekaru muna sallah da harufan da muka kwasa a gurguje. A gabansa ba ka jin kunya sosai, tunda ba ya ganin yadda bakinka ke karkacewa.

Ni kuwa Rediyo ake ce mini. Kiran fasinja a tashar mota ne sana'ata, da maƙogwarona nake ciyar da gida. Boko ban yi nisa ba, na addinin ma da gudu na ratsa ta cikinsa. Amma Allah ya ba ni abu guda: in na ji muryar mutum, to ta zama tawa. Na sha kiran direba da muryar matarsa, ya fito daga ƙarƙashin mota yana gware kai da ƙarfe. Har Innarmu, da tsufanta, in kewar babanmu marigayi ta taso mata, sai ta ce, "Auta, yi mini shi." In gyara zama, in yi tarin nan nasa, in ce da muryarsa, "Wa ya taɓa mini buta?" Ta yi ta dariya har ta share ido da bakin mayafi.

Abin da ya kai ni ajin Malam kuwa, surukina ne ya kawo mana ziyara, aka tura ni gaba in ja sallah. Na ja. Da muka sallame bai ce mini komai ba, sai ya juya ya tambayi 'yarsa ko a unguwar akwai mai koyar da karatu. Wallahi gara ya mare ni.

Ajin a shagon Kafinta yake, can ɗakin baya inda yake jingine ƙofofin da bai gama ba. Mu uku ne ɗalibai: ni, da Kafinta, da Mahauci, wani ƙato mai harshe kamar tafin hannu. Daga magariba zuwa kiran lisha, shi ne lokacinmu.

Malam yana da tsarinsa. Zai furta harafi, ka ɗora yatsu biyu a wuyansa ka ji inda ya motsa. Sannan kai ka furta, shi ma ya ɗora yatsu biyu a naka. In motsin bai zo daidai wurin ba, a sake. Duk wanda ya shigo kuma, Malam zai ba shi kujera da bakinsa, ya gano harafin da ya fi ba shi wuya, ya ce, "Kujerar nan taka ce har sai harafin nan ya fita daga maƙogwaronka." Bai taɓa korar ɗalibi ba. Cewa yake shi ba ya sallamar kowa, harafi ne ke sallamar mutum.

Nawa ainun ne, harafin nan da ke fitowa daga tsakiyar maƙogwaro, wanda mukan mayar da shi alif mu wuce abinmu. Na ɗauka a zama ɗaya zan gama da shi. Malam ya furta, na kwaikwaya tsaf, har Kafinta ya ce ma sha Allah. Malam ya janye yatsunsa daga wuyana.

"Wannan muryata ce," ya ce. "A saman harshe ka haɗa ta, maƙogwaronka ko motsi bai yi ba. Ina taka?"

"Malam, ai duk nawa ne."

"Na aro ne. Ranar da ka zo da taka, ma yi magana."

To, mutum irina ba a zaunar da shi ɗaki ɗaya da makaho a ce ya nutsu. Wata rana ana tsakar karatu na karkata baki wajen lungun ɗakin, na yi sallama da muryar wani tsoho. Ba muryar kowa ba ce, nan take na ƙirƙire ta, mai kakkarwa kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

Malam ya amsa sallamar. "Baba, karatu ka zo?"

"Karatu, ɗan nan. Na tsufa ainun bai fita ba."

Mahauci ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Kafinta kuwa, don ya ƙara wa wasan armashi, ya jawo wata 'yar kujera mai ƙafa uku ya dasa a lungun, har da buga ta da ƙasa don Malam ya ji.

Malam ya juya fuska wajen lungun. Sannan ya ce, "Zauna, Baba. Kujerar nan taka ce har sai ainun ya fita daga maƙogwaron da kake magana da shi."

Haka Baban Lungu ya shiga ajinmu. Kullum in an zo kansa, in karkata baki in yi masa karatunsa. In Malam ya miƙa hannu zai taɓa wuyansa, sai in sa ya ce yana da maruru. Marurun nan ya daɗe bai fashe ba, har Mahauci ya ce zai zo da wuƙarsa ya taimaka.

Ranar da nake ba ku labari, Kafinta ya tafi kai wa wani gado, ya bar mini makulli. Mahauci kuma ya aiko cewa ƙafarsa ta kumbura. Daga ni sai Malam. Tun a hanya na yanke cewa yau Baban Lungu ba zai zo ba. Wasa ba masu dariya, wahala ce kawai.

Ina riƙe da kan sanda, Malam na riƙe da gindinta. An ɗauke wuta tun la'asar. Sama ta yi ja, sannan ta yi toka. Layin shagunan duk an rufe. Ba ka jin komai sai takalmina na hagu da ke jan ƙasa.

A bakin shagon sandar ta tsaya a hannuna. Malam ya karkata kai.

"Ashe an riga mu."

"Wa, Malam? Ga kwaɗo a kulle, ga makulli a hannuna."

Ya ƙara kasa kunne. Can ya ce, "Buɗe."

Na buɗe. Warin shagon ya tarye mu kamar kullum, garin katako da gam da fenti. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani wari da ban sani ba. Warin danshi, irin na tsohuwar rijiya da aka ɗaga wa murfi.

Na kunna fitilar waya, muka ratsa zuwa ɗakin baya. Ƙofofin Kafinta na jingine da bango ta ko'ina, wasu da hannu, wasu babu, sun yi tsaye kamar mutane masu jiran layi. Garin katako ya lulluɓe komai, har benci sai da na kaɗe wa Malam kafin ya zauna.

Na haska lungu. Kujerar nan mai ƙafa uku tana nan. Samanta fes, ko ƙwayar ƙura babu.

Na ce a raina, Kafinta ne ya goge.

Malam ya nemi tsari, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsunsa a wuyana. "Ainun."

Na yi. Da muryarsa, kamar kullum.

"Har yanzu tawa ce." Ya sauke hannu, ya juya fuska wajen lungu. "Baba, kai fa?"

Na yi murmushi. Na yi niyyar in bar shi ya ɗan jira, sannan in ce masa yau Baba marurunsa ya kwantar da shi. Leɓuna a haɗe suke. Harshena na kwance a bayan haƙora.

"Ina nan, ɗan nan."

Daga lungu ta fito.

Muryar da na ƙirƙira ce, da kakkarwarta da komai. Bakina a rufe. Amma na ji maƙogwarona ya motsa da kansa, kamar an ja zare daga ciki.

Na haska. Ba kowa a kujerar.

Kujerar ta yi ƙara, irin ƙarar da katako ke yi in mai nauyi ya gyara zama.

Fitilar wayar ta yi ja. Ta yi ƙasa. Ta mutu.

"Malam," na ce a hankali, "ba ni ba ne."

"Na sani. Yi shiru."

Warin rijiyar ya ƙaru. Zufa ta gangaro mini ta baya, amma ɗakin ya yi sanyi har haƙorana na haɗuwa.

"Marurun ya fashe, Malam," in ji muryar. "Yau a taɓa."

Na ji rigar Malam ta yi motsi. Ya miƙa hannu cikin duhu. Na ji numfashinsa yana fita, yana shiga. Sai ya tsaya.

"Babu wuya a nan," ya ce.

"Babu. Shi ya sa nake aron na wannan."

Yatsu biyu suka sauka a wuyana.

Ba na Malam ba ne. Na Malam gajeru ne, masu ɗumi, suna ƙanshin turare. Waɗannan dogaye ne, sun kusa zagaye wuyan. Sanyi gare su kamar ƙarfen da ya kwana cikin ruwa. Kuma sun san wurin. Daidai inda Malam ke ɗorawa suka ɗora.

Na so in tashi. Na juya ido ina neman ƙofar da muka shigo, wadda na bari a buɗe. Ƙofofi ne ta ko'ina, baƙaƙe, a tsaye. Ban san wacce ce ta fita ba.

"A aji kaɗai nake samunsa," in ji muryar, kusa da kunnena yanzu, amma ba hucin numfashi tare da ita. "Karatun ba ya zama. Yau in an kira lisha zan tafi da shi gida in yi bita."

"Ba a fita da kayan aji," in ji Malam.

"Kai ka ba ni kujera."

"Na ba ka. Da sharaɗi na ba ka."

Yatsun suka ɗan ƙara matsewa.

Hannun Malam ya laluba ya kama gwiwata. Ya matso da bakinsa kusa, yana raɗa.

"Rediyo, saurara. Ni ba ni da ikon tada shi, ka san tsarina. Amma na ce kujerar tasa ce har ainun ya fita daga maƙogwaron da yake magana da shi. Naka ke nan. In ya fita kafin ladan ya kira, zamansa ya ƙare. In bai fita ba…"

Bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba. Na tuna tasha, da matata, da yara, da bakin da zai wayi gari yana buɗewa ba abin da ke fita.

Na ja numfashi. Na yi ainun, da muryar Malam, tunda da ita kaɗai na iya.

Yatsun suka tsunkuna. Na ji an zare wani abu daga maƙogwarona, siriri, dogo, kamar gashi da ya shiga abinci.

Daga lungu sai muryar Malam ta furta ainun. Tsaf. Ga Malam na gaske kuwa a gefena, hannunsa a gwiwata.

Na sake neman muryar Malam a bakina. Babu ita. Wurinta fayau, kamar gurbin haƙorin da aka cire.

"Kada ka ba shi na aro," in ji Malam. "Na aro duk zai iya ɗauka. Taka."

Ina na san tawa? Tun ina yaro nake magana da bakin mutane. Ko da matata, in zan nemi abu, da muryar wasa nake nema. Na buɗe baki, sai ta Mahauci ta fito, mai kauri.

Aka zare.

Ta Kafinta.

Aka zare.

Ta matata, ta surukina, ta direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya. Ba ni nake zaɓa ba, tsoro ne ke turo su. Kowacce ta fito, sai yatsun su tsunkuna, sai in ji ta a lungu. Lungun ya cika da surutu ƙasa-ƙasa, maza da mata, kamar tasha da safe. Duk suna gwada harafi ɗaya.

Can nesa na ji janaretan masallaci ya yi tari. Ya mutu.

Aka sake jan igiyarsa. Ya tashi.

"Sauri," in ji Malam.

Na lalubi cikina. Saura murya ɗaya. Na san ta wace ce. Na danne ta. Na tuna Inna da bakin mayafinta.

"Akwai wata a bakinka," in ji Malam. "Ina jin ta."

"Ta Baba ce, Malam. Ta babanmu."

"Taka tana ƙarƙashinta."

Lasifikar masallaci ta yi ƙara. Ladan ya hura ta, fuu, fuu.

Yatsun suka fara nutsewa cikin fata.

Na saki.

Aka zare ta a hankali, ta fi sauran tsawo. Surutun lungu ya ɗauke ɗif. Sai aka yi tari. Tarin nan da na sani tun ina rarrafe.

"Auta," in ji babana daga lungu.

Na buɗe baki. Iska kawai.

Na sake. Iska.

Sai na ji wasu yatsu biyu, gajeru, masu ɗumi. Malam ya cusa su ƙarƙashin na sanyin, ya danna.

"Nan. Ba sama ba. Matse nan, kamar mai son kuka yana hana kansa."

Ba sai na kwaikwaya ba. Kukan yana nan, daidai ƙarƙashin yatsunsa. Na matse shi. Na tura numfashi ta cikinsa.

Wani abu ya fito. Siriri, a tsage, mara daɗin ji. Ban san muryar ba.

Yatsun sanyi suka tsunkuna. Suka sake tsunkuna. Ba su sami abin kamawa ba.

"Ya motsa," in ji Malam. "Sake."

Na sake.

"Sake!"

Na sake, da duk ƙarfina, har na ji wurin ya buɗe kamar an ɓalle maɓalli.

Malam ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Ya fita! Na ji da yatsuna, kai ma ka ji da naka. Baba, harafi ya sallame ka. Tashi."

Ladan ya fara kira.

Yatsun ba su sauka ba.

Ladan ya ja numfashi.

Ɗaya ya ɗaga. Na biyun ya tsaya, ya shafa wurin kamar mai ban kwana. Sannan shi ma ya ɗaga.

Kujerar ta yi ƙara, ƙarar sauke nauyi. Sanyi ya gifta ta gabana. Sai ɗaya daga cikin ƙofofin da ke jingine da bango, wadda ba komai a bayanta sai siminti, ta buɗe. Ta rufe.

Warin rijiyar ya tafi. Garin katako da gam suka dawo.

Ni na kawo Malam, amma shi ya fitar da ni. Ya miƙo mini gindin sanda, shi ya riƙe kai, ya ratsa da ni tsakanin benci da katakai ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A waje na durƙusa bakin kwata, na yi ta amai da yawu mai sanyi.

Da na sami kaina na ce, "Malam." Na tsorata da jin abin da ya fito. Muryar nan ce, siririya. "Tun yaushe ka san ni ne Baban Lungu?"

"Tun sallamar farko. Kai da ke warin hayaƙin mota?"

"To me ya sa ka ba shi kujera?"

"Saboda muryar tsohon nan daga ƙasan wuya kake tono ta. Ita ce kaɗai ta taɓa kusantar inda ainun yake. Na ce bari in bar ka, wataƙila wasa ya kai ka inda karatu bai kai ka ba." Ya murza kan sandar. "Abin da ban yi tunani ba, na ba da kujera ba tare da na taɓa wuya ba. Kwanakin nan in ka yi muryar, biyu nake ji. Ta biyun ba ta numfashi."

"Kuma ba ka faɗa ba?"

"Da na faɗa, da ka gudu ka daina zuwa. Shi kuma kujerarsa ba ta ƙare ba. Da gida zai bi ka."

Muka tafi masallaci. A sahun ƙarshe na yi lisha.

Kafinta ya so ya ƙona kujerar. Malam ya ce katako bai yi laifi ba, sai ya wargaza ta kawai. Ajin ya dawo gaban shago, inda ake ganin titi. Malam ya ƙara doka ɗaya: sai ya taɓa wuyan mutum kafin ya ce masa zauna.

Muryoyin ba su dawo ba. Ko ɗaya. A tasha ana tsokanata wai rediyon ya lalace, direbobi kuma sun sami lafiyar kwanciya ƙarƙashin mota. Da tawa nake kiran fasinja yanzu. Ba ta kai nisa, sai na ƙara da tafi da ɗaga hannu, amma mota na cika. Tabon yatsu biyu ya daɗe a wuyana kafin ya ɓace. Matata ta tambaya, na ce mata maruru ne.

Da surukina ya sake zuwa, shi da kansa ya tura ni gaba. Da muka sallame ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, kuma bai tambayi 'yarsa komai ba.

Inna ce abin ya fi taɓawa. Ta ce, "Auta, yi mini shi." Na gyara zama, na yi tari. Nawa ne ya fito. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To karanta mini wani abu da wannan da ka samo." Na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ba laifi. Amma ba ta yi dariya ba.

Kwanan baya na riga kowa isa shagon, ana gab da fitowa daga magariba. Ina tsaye ina laluben makullin da Kafinta ya bar mini, sai na ji tari daga ɗakin baya.

"Auta. Wa ya taɓa mini buta?"

Allah ya sani na so in tsaya in ƙara ji ko sau ɗaya ne. Hannuna har ya kai kan kwaɗon. Na janye shi, na tsallaka titi, na jira su Malam a can. Ban amsa ba.

Ban gaya wa Inna ba. Na san halinta. Cewa za ta yi in kai ta.